Na ɗora wa gawayi aikin da ba nasa ba

Katanga ɗaya ce ta raba gidan abincina da gidan wata dattijuwa mai ciwon fuka. Da yamma in an hura tukuba an jera kaji da balangu, hayaƙin ta tagarta yake shiga. Da ɗanta ya zo ya yi mini magana, sai na yi gaggawa. Na sayi matatar sarrafaffen gawayi, aka ɗaura ta a bakin bututun hayaƙi, na je na durƙusa na ce, "Hajiya, an gama da hayaƙi in Allah ya yarda."

Ƙauri ya ragu, tarinta bai ragu ba. Ni kuwa da hanci nake auna lamarin, nan ne na yi kuskure.

Gawayin nan ba na murhu ba ne. Daga ɓawon kwakwa ko katako ake yin sa, a turara shi da tururi mai tsananin zafi har ya cika da ramukan da ido ba ya gani. Giram 1 kan ɗauki faɗin fili sama da murabba'in mita 500 a cikinsa. A ramukan nan wari ke maƙalewa. Amma hayaƙin gashi ba wari ne kaɗai ba. Akwai ɗigon maiƙo, akwai ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5, masu kutsawa can cikin huhu. Waɗannan su ke tayar da fuka, kuma gawayi ba don su aka yi shi ba. Iskar kabon monoksayid da masu gashina ke shaƙa ma ba ya tare ta yadda ya kamata.

Da mai gyara ya buɗe matatar, maiƙo ya toshe ta ta yi danƙo. "Alhaji, wannan ai ajiyar gobara ka yi," in ji shi. Jikina ya yi sanyi.

Ashe jerin matatun hayaƙi yana da ƙa'ida: ragar ƙarfe mai tare maiƙo a gaba, sai na'urar kama ƙwayoyin hayaƙi, gawayi a ƙarshe, inda iska ta huce kuma take wucewa a hankali. Haka muka sake shi, muka ɗaga bututu ya wuce rufinta. Raga ana wanke ta kullum, gawayi ana canja shi duk bayan 'yan watanni.

Na koma na nemi gafarar Hajiya. Wannan karon ban ce an gama ba, na roƙi ɗanta ya riƙa sanar da ni yadda take kwana.