Daga Dawanau Zuwa Bichi: Abin da Baƙunci Ke Yi wa Hankali

Duk wanda ya bar Kano ta hanyar Katsina zai wuce wurare biyu a Dawanau: kasuwar hatsi, da asibitin masu taɓin hankali. Daga nan har Bichi gona ce ke bin gona, babu daji, sai ɗorawa da tsamiya da rumbuna. Ƙasar ta yi wa masu ita kaɗan, shi ya sa da an ɗaure dawa samari ke fita cin rani, wasu Legas, wasu Libiya ko Saudiyya.

A wani ƙauye da na sauka ta'aziyya, na tarar da wani magidanci a gindin darbejiya, ya ƙura wa ƙasa ido. Na yi sallama, bai amsa ba. Ƙaninsa ya ce mini: "Malam, lafiya lau ya tafi. Shekara shida ya yi a waje, ba takarda, kullum cikin ɓuya. Haka ya dawo mana." Mutanen gari sun ce jifa ne.

Likitoci sun daɗe da lura da irin wannan. A 1932 wani likitan Norway, Odegaard, ya gano cewa 'yan ƙasarsa da suka yi ƙaura zuwa Minnesota ta Amurka sun fi waɗanda suka zauna gida kamuwa da sikizofiriniya, cutar da ke sa mutum jin muryoyi da zargin kowa. Wani nazari na 2005 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna haɗarinta ga baƙi ya ninka na 'yan ƙasa sau 2.7, ga 'ya'yansu kuwa sau 4.5. 'Ya'yan nan ba su ƙetare hamada ko teku ba, don haka wahalar hanya kaɗai ba ta isa bayani ba. A 2001 kuma an ga cewa a kudancin Landan haɗarin ya fi yawa a unguwannin da baƙo ba shi da 'yan uwa da yawa. Masana na ɗora alhakin a kan kaɗaici da wariya da zaman ɗar-ɗar.

Kakanninmu fatake sun san maganin tun da daɗewa. A Zangon Kumasi da Sabon Ibadan, baƙo na sauka hannun mai masauki, ya sami tuwo da sahun salla da wanda zai tambaye shi yadda ya kwana. Ɗan ci-ranin da ke ɓuya daga hukuma ba shi da ko ɗaya.

Mu ma muna da baƙi: 'yan Nijar masu neman abin kai wa baka a kasuwanninmu, da iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Katsina. Abin da muke fata a yi wa namu a Jidda, shi ya kamata mu yi musu. A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta leƙa maƙwabci da safe.

Kafin in tashi na roƙi ƙanin nan ya kai yayansa Dawanau, domin addu'a da magani ba sa faɗa. Ya ce sai ya sayar da gyaɗa. Allah ya ba shi lafiya.