Kawo da ya je Jamus ya dawo da murya

Aminina,

Yaya Zariya, yaya sanyi? Yaya ƙafar Inna, ta samu sauƙi kuwa? Ka gaishe min da ita da kyau, ka ce mata ina nan tafe. Mu nan Kubwa sai godiya, hunturu ya shigo, in ka bi hanyar Zuba da sassafe da ƙyar kake hango Dutsen Zuma saboda hazo.

To, wani abu na gani da ido, na riƙe da hannu, kuma kai ne mutum na farko da ka faɗo min a rai, don na san irin kunnenka. Ka tuna muna yara, yadda muke tsugunawa gaban talabijin in an sako Bala Miller da makaɗansa, kowa hankalinsa na kan masu busa da mai waƙa, kai kuwa kana ta tambaya wane ne mai yin wannan gurnanin na ƙasa? To, jitar bes ce, kuma yanzu akwai ta a gidan da muke haya. Wani matashi maƙwabcinmu ne ke da ita, yaro mai ladabi, ranar Lahadi yana kaɗawa a cocinsu, daren Asabar kuma yana bin wata ƙungiya wuraren biki da lambunan shaƙatawa na Wuse da Garki. Ya daɗe yana tari kafin ya same ta, ta hannu ce, ƙirar kamfanin Warwick na Jamus, samfurin da suke kira Streamer Stage II. Da ya ga na tsaya ina leƙe, sai ya ce, "Baba, shigo mana ka gani," ya ɗora min ita a cinya.

Wallahi abin da ya fara kama ni shi ne itacen. Ba fenti a jikinta sam, mai kawai aka shafa, shi kuma yana bin ta da kakin zuma lokaci-lokaci, saboda haka tafin hannunka itace yake taɓawa kai tsaye, da ɗuminsa da 'yan ramukansa. Launin ja-ja ne mai ruwan zuma, jijiyoyin itacen sun kwanta a jere, in ka karkata ta wajen taga sai su ɗan yi walƙiya. An fafe bayanta kaɗan yadda za ta kwanta a cikin mutum, gaban kuma ya ɗan yi tudu, babu kusurwa ko ɗaya da za ta soki haƙarƙari. Wuyan baƙi ne, na wani itace da ake kira wenge da ake sarowa a dazukan Kamaru da Kongo, kuma ba ɗaure shi aka yi da kusoshi ba, ya ratsa gangar jikin ne tun daga kai har gindi. Ƙarafa 24 aka gitta masa, masu ruwan tagulla, an goge bakinsu sumul. Tana da nauyi kam, za ta yi kilo 4 ko ta ɗara, amma da ya rataya min ita a kafaɗa sai ta zauna daram, kanta bai rinjaya ƙasa ba.

Da na tambaye shi sunan jan itacen, ya nuna min a wayarsa, na ga hoton bishiyar da 'ya'yanta baƙaƙe masu jar hula, sai na yi salati. Dangin kawo ne fa! Kawon nan da Fulani ke hawa su sassabo wa shanu ganyensa in rani ya tsananta, wanda muke wucewa a dajin Gwari ba ma ko ɗaga kai. Can Mali da Gini ma da shi ake sassaƙa wasu ganguna. Ashe har Jamus yake zuwa, a busar da shi, a sassaƙa, ya dawo mana da tsadar da mai albashi zai yi wata da watanni bai haɗa ba. Abin ya faranta min rai, ya kuma sosa min zuciya, don ka san yadda aka yi wa madobiya a Taraba, aka yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a cinikin duniya a 2017, kuma a taron da aka yi kan batun a Panama a 2022 kawo da maɗaci ma suka bi sahu. Ina ma masassaƙanmu na turmi da kalangu da gurmi su samu kayan aiki da horo su riƙa fitar da irin wannan a nan gida, hannun dai muna da shi.

To, sai ya jona ta da amfilifaya. Tsirkiya 4 gare ta, duka na ƙarfe, a ƙarƙashinsu akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, shi ke ɗaukar rawar tsirkiya ya mai da ita lantarki, ga kuma ɗan batir a ciki mai ƙara mata ƙarfi. Ya ja mai kaurin da yatsa ɗaya, a hankali ma. Aminina, kafin kunnena ya ji, ƙirjina ya riga ya ji, kamar dai in an buga tambari a ƙofar fada ranar hawan sallah. Wannan tsirkiyar sau 41 kacal take kaɗawa a daƙiƙa, shi ya sa sautin yake bi ta ƙasa, ya hau ƙafar kujera, gilashin taga ya amsa. Kuma ba ya mutuwa da wuri, sai ya yi ta tafiya, yana sirancewa sannu a hankali. Da ya matsa hannu wajen gindi sai muryar ta yi tauri, ta yi gurnani, kowane sauti ya fita daban, ba ya cakuɗewa da ɗan'uwansa. Ya ce nan ne bambancin mai tsada da mai araha yake, kuma na yarda, don na ji da kaina. Ya mare ta da babban yatsa, ta yi ƙara tas, yaran gidan suka rugo.

Ka san abin duk bai wani tsufa ba. A 1951 ne wani mai gyaran rediyo a Kalifoniya, Leo Fender, ya fito da wadda ta fara karɓuwa a duniya, kafin nan makaɗa wani ƙaton goge suke fama da shi, mai tsayin mutum. Yau kuma ga Richard Bona na Kamaru, duniya na sauraron yatsunsa.

Hunturun nan ma yana taɓa ta. Yaron ya nuna min yadda itacen wuyan ke ɗan tsukewa in iska ta bushe, har bakin ƙarafan ya fara kartar yatsa, tsirkiya ta riƙa zuza. Akwai sandar ƙarfe a ɓoye cikin wuyan, sai ya sa ɗan makulli ya murɗa kaɗan, in damina ta sauka kuma ya sake daidaitawa. Ba ya barinta a mota, ba ya jingina ta da bango, kullum tana cikin akwatinta. Na ji daɗin ganin yaro yana tattalin kayan sana'arsa haka.

Abin da nake ta tunani shi ne waƙoƙinmu na yanzu. Ka shiga situdiyo a Kano, yawanci fiyano ɗaya ce ke yin ganga, ta yi busa, ta yi bes. Ban raina musu ba, suna ƙoƙari, ni ma ina saurare. Amma yatsan mutum yana ɗan jinkiri, ya ɗan yi gaggawa, ya ja tsirkiya ta lanƙwasa, yana sauraron mai ganga yana ba shi amsa, kuma wannan hirar ce nake kewa. Na roƙi yaron ya bi kiɗan kalangu da ita, na kunna masa Shata, ya yi shiru yana gyaɗa kai, can sai ya shiga ƙarƙashin kiɗan ya zauna, ka ce dama an bar masa gurbi.

Na so in ɗauko maka a waya in turo, sai ya ce kar in wahalar da kaina, lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfin nan, rabinsa zai zube a hanya. To, ka ga dole ka zo ke nan. In za ka taho ka zo da autanka, wannan mai kaɗa bokiti da cokali, na riga na yi wa maƙwabcin nawa maganarsa, ya ce zai ɗora masa yatsu a kai. Ka sanar da ni ranar, in tare ku a tashar jirgi ta Kubwa.

Maiɗakina tana gaida taka, yara suna gaida yara. A gaida mutanen zaure baki ɗaya. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum.