Ni ce Usaina

Mu tagwaye ne, haifaffun Briqueterie a Yawunde. Bara wata jijiyar jini ta kumbura a ƙwaƙwalwar Hassana, ta fashe. Da aka yi mata tiyata Allah ya tashi kafaɗunta, sai maƙwabta suka koma kallona da tausayi, wai saura ni.

Likita ya ce kusan mutum 3 cikin 100 na ɗauke da wannan kumburi, kuma yawanci ba ya fashewa. Akwai gado a ciki, amma hawan jini da sigari sun fi ɓarna. Da yake kamarmu ɗaya har jini, ya tura ni hoton MRI. Ba a ga komai ba.

Zan sake hoton bayan shekara 5. Yanzu na rage gishiri, ina awon jini duk mako. Tsiren unguwarmu kuwa, sai da Sallah.