Kwana biyu a Gulbin Kaba, wajen masu tsohon ciki da saƙarsu



Bayan an kai gero rumbu, sanyi ya fara shigowa, mu 6 daga ƙungiyarmu ta nan Maraɗi munka kai ziyara wajen wata ƙungiyar ƴan uwanmu a ƙasar Mayahi. Su sunka fara zo mana bara, don haka bashi munka tafi biya. Ga wadda ba ta san hanyar ba: daga Maraɗi a miƙa gabas bisa babbar hanyar Damagaram, in an kai Cadawa a karya arewa har Mayahi. Daga can sai kabu-kabu ko amalanken shanu, don ƙauyen yana cikin rairayi. Ku riƙe wannan zancen na rairayi, za mu komo kansa.

Sunan Gulbin Kaba yana ruɗin baƙo. Ɗaya daga cikinmu, wadda ta tashi a Yamai bakin kogi, tun a mota take leƙen taga tana neman ruwa. Babu. Kwari ne mai faɗi, busasshe, cike da goruba. Manyan suna tsaye da rassansu biyu-biyu, ƙananan kuma, waɗanda ake kira kaba, sun yi tsugune tsibi-tsibi cikin gonaki da bakin hanya. In kika shiga gida a can, duk inda kika ɗora ido kaba ce: tabarmar da anka shimfiɗa miki, faifan da anka rufe furarki, igiyar akuya, ragayar da ke rataye da ƙwaryar nono, maficin da ke hannun tsohuwa. Yara kuma bakinsu duk garin goruba.

A gidan shugabarsu anka sauke mu. Da hantsi mata sunka fara taruwa ƙarƙashin rumfa, kowa da daminta na kaba a hammata da ɗan kwanon ruwa. Cikinsu munka ƙirga 4 masu tsohon ciki. Biyu watansu ya kusa tsayawa, sai sun dafa ƙasa da hannu biyu kafin su zauna. Ba mu je don su ba, mun je ganin yadda suke riƙon littafin asusu, amma a wajensu munka ƙare kwanakin nan biyu.

Mace mai wata 8 a ƙauye ba ta kwanta. Da asuba ta yi shara, ta ɗora tukunya, ta wanke yara. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne daka da jan guga, kuma rijiyoyin wannan yanki akwai zurfi. Mai sa'a tana da ɗiya budurwa, ko kishiyar da suke zaman lafiya, ko kuɗɗin kai hatsi inji. Marar sa'a haka za ta tsaya gaban turmi tana haki. In aikin safe ya ƙare sai saƙa, kuma a nan ne take samun abin kanta.

Aikin kaba gida biyu ne, mai nauyi da marar nauyi. Mai nauyin shi ne yanka. A tafi daji da lauje, a duƙa, a zaɓi sabon tohon da bai gama buɗewa ba, ga ƙayar da ke jikin hannun kaba mai lanƙwasa kamar ƙugiya, ga tsoron maciji cikin kututture, sannan a ɗauro dami a kai a tako rairayi har gida. Marar nauyin kuwa a zaune ake yinsa. In kaba ta bushe a tsaga ta siri-siri, a yayyafa mata ruwa ta yi laushi don kada ta karye, wadda za a rina a dafa ta da galura, ja ko kore ko baƙi. Sai a saƙa doguwar tsiri mai faɗin yatsu uku ko huɗu, tana tsawo ana naɗe ta gefe kamar gammo, har ta isa a ɗinke baki da baki ta zama tabarma. Hannunsu yana tafiya ba sa ko dubawa, baki yana hira. Mun gwada. Dariyar da anka yi mana, Allah kaɗai ya sani.

Dubarar wannan ƙungiya ita ce sun raba gidan biyu. Daga wata 7 mace ba ta sake zuwa yankan kaba. Duk wadda ta tafi daji za ta ƙaro ɗan rabo ta aje mata, ba da kuɗɗi ba. Ranar da cikin ya zo kan waccan, ita ma a yi mata. Wadda ta wuce haihuwa kuma ana biyanta da saƙa: mai cikin ta saƙa mata tsiri kaza cikin tabarmarta. Ba a rubuta wannan a littafi ba. Da munka tambayi shugabar don me, ta ce: “Yaya, abin da kowa ke gani da ido ba ya son biro.” Mu dai mun ba ta shawara ta rubuta, don mun san yadda ido ke mantuwa ranar da rai ya ɓaci.

Haka wajen saidawa. Mai tsohon ciki ba ta iya ɗaukar tabarmi zuwa kasuwar Mayahi, kuma masu sari da ke bin gida-gida sun san haka sarai. Suna ganin ciki sai su karya farashi, don sun san matsuwa ce. To yanzu ranar kasuwa mace ɗaya ke haɗa kayan masu cikin da nata, ta sayar, ta komo ta ƙirga wa kowa kuɗɗinta gaban mutane.

Kuɗɗin tabarmar kashi uku suke yi masa. Na farko zubin mako, don kada ta faɗi daga asusu daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Na biyu kayan sauka: sabulu, zannuwa masu tsabta, ɗan yaji da kayan kunu. Na ukun shi ne ya tsaya mana a rai. Suna kiransa kuɗɗin hanya. Ana ƙulle shi daban a tsumma, a ba ma'ajiyar ƙungiya, ba ya shiga akwatin nan mai kwaɗo 3, don naƙuda ba ta jiran a tara masu makulli uku da tsakar dare. Tun 2006 hukuma ta ce awon ciki kyauta ne, fiɗar haihuwa ma kyauta ce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma takardar kyauta ba ta zuba mai a babur, ba ta biyan mai amalanke. Ga rairayin da munka ce ku riƙe. Tafiyar da munka yi da rana muna raha, ku kwatanta ta da dare, da mace tana murƙususu bisa amalanke, miji yana bin maƙwabta neman rance. Duk mun san matan da naƙuda ta yi wa kwana biyu a ɗaki, ɗan ya tafi, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, sai an kai ta Danja ko wata cibiya an yi mata gyara. Sau da yawa abin da ya raba ta da likita bai wuce kuɗɗin tabarma biyu ko uku ba.

Cikin huɗun nan akwai wata yarinya da ta zo goyon ciki gidan uwarta, cikin fari. Kanta a sunkuye, tana ɗinkin faifai, ta fara daga cibiya tana zagayowa. In anka yi zancen haihuwa sai ta ja mayafi. Ba wanda zai ce mata faifan na wa ne, ita ma ba za ta faɗa ba. A can ba a ɗinka wa jariri kaya tun bai zo ba, ba kamar ƴan matanmu na birni ba da ke saƙa hula da safa da kwarashi tun ciki na wata 5, har su nuna a waya. Kunyar fari ado ce, mu ma mun yi ta. Illarta ɗaya: yarinyar da ba ta iya cewa tana da ciki, ba za ta iya cewa kanta na sara ba.

A nan munka gane amfanin rumfar da ya wuce kuɗɗi. Saƙa aikin yatsu ce, kuma yatsun suna waje kowa na gani. Wata inna da ke zaune kusa da yarinyar ta ce mana ita ba ta tambayar mai cikin fari lafiyarta, don amsar ɗaya ce kullum, “lahiya lau, Inna.” Hannu take dubawa. In ta ga yatsu sun cika, zobe ya nutse, kaba tana suɓucewa, sai ta dubi fuska. Wannan daidai yake da abin da malaman awo ke faɗa mana. Kumburin ƙafa da yamma kusan kowace mai tsohon ciki tana yinsa. Amma kumburin hannu da fuska, da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, alamun hawan jini ne da ke iya kaiwa ga jijjiga, kuma ranar za a tafi likita, ba gobe ba. Haka zubar jini komi ƙanƙantarsa, da zazzaɓi, da fashewar faya ba naƙuda, da ɗa ya daina motsi. Matar da ke ɗaka ita kaɗai, wa zai ga wannan? Wadda ke fitowa rumfa kullum kuwa, ranar da ba ta fito ba ma an aika yaro ya dubo.

Ba komi ne ya gamshe mu ba. Zaman ya yi yawa. Wata tun hantsi har la'asar tana wuri ɗaya, ƙafa a miƙe, baya ba majingina, da dare kuma ta ƙara da fitilar hannu don tabarma ta kai ranar kasuwa. Mun ce musu a riƙa tashi ana zagaya gida, a jingina da bango, a sha ruwa, a bar wa wasu tsayuwa kan tukunyar rini da hayaƙinta. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo kuma, mun ga na wata a ƙulle cikin ledarsu ko ɗaya ba ta sha ba, wai suna tayar mata da zuciya. A sha su bayan abinci ko da za a kwanta, in abin ya ƙi a koma a faɗa wa malamar, kada a aje su bisa rumbu.

Sai batun maza, wanda munka yi bayan sallar isha'i da murya ƙasa-ƙasa. A ƙofar gida biyu mun ga itacen wankan jego an jibge, shaidar maigida ya san nauyinsa. Madalla. Amma akwai wanda da ya ga matarsa na samun na tabarma sai ya janye hannu, ya ce ai tana saƙa. Ya tanadi ragon suna, don shi mutane ke gani, kuɗɗin hanya kuwa ya bar mata. Ƙullin da ke wajen ma'ajiya madogara ce in abu ya ɓaci, bai sauke wa kowa wajibinsa ba. Shugabar ta ce sun kai zancen gaban maigari da liman, ana saurare.

Kabar kanta tana nisa. Gonaki sun cinye daji, masu gona suna tsaron tasu, kuma tohon da ake yanka kowace shekara ba ya samun zama itace. Tsofaffin sun ce da a bayan gida suke yanka. Wannan zance ne mai tsawo, sai wani lokaci.

Da munka komo gida munka baje abin gaban ƙungiya. Mu a Maraɗi ba kaba a ƙofarmu. Sana'o'inmu ɗinkin hula, turaren wuta, sabulu, sai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wanda tuyarsa da matsarsa ba aikin mai wata 9 ba ne. Shawara biyu munka kawo. Ta farko, daga wata 7 har a yi arba'in ba tara ga wadda ba ta zo taro ba, muddin ta aiko zubinta. Wannan ta wuce ba gardama. Ta biyu, kuɗɗin hanya a fitar da shi daban daga asusun agaji, ya zauna hannun mace ɗaya mai waya. Nan anka ja. Uwayenmu da sunka gama haihuwa sun ce asusun agaji na kowa ne, su ma ciwo na tashinsu da dare, don me za a ware na masu ciki? Ƴan matan sun ce ciwo ba ya sa rana, haihuwa kuwa ana ganinta tafe tun wata tara. Tun da anka fara Mata Masu Dubara a wannan jiha a 1991, kowace ƙungiya ita ke yanka dokarta, don haka mun aje zancen sai taro mai zuwa a ɗaga hannu.

Kafin nan muna son jin ta bakin ƴan uwanmu na Madawa, ku da tabarmarku ta yi suna, da na Mirriya masu ginin tukwane, inda ɗaukar yumɓu da gashi duk aikin ƙarfi ne. Wane aiki kuke ɗauke wa mai tsohon ciki, wane kuke bar mata, kuma a hannun wa kuɗɗin hanya ke kwana? Ku ba mai kawo muku wannan takarda amsa, a buga a fitowa ta gaba.