Matakalar Idanre da gwiwar Goggo

Mai karatu, idan ka taɓa zuwa Idanre a Jihar Ondo, ka san sai an taka matakala sama da 600 kafin a kai tsohon garin da ke kan dutse. Da Goggona mai ciwon gwiwa muka je. A wurin hutawa na farko ta kwance bakin zani, ta fito da Diclofenac da likita ya rubuta mata da Ibuprofen da maƙwabciya ta ba ta, za ta haɗa su, ko karyawa ba ta yi ba.

Na riƙe hannunta. Magungunan nan dangi ɗaya ne. Haɗa su na iya jawo gyambon ciki da zubar jini, ya wahalar da ƙoda, balle ga wanda ya sha gumi.

Ka tsaya kan wanda aka rubuta maka, bayan cin abinci. Mai hawan jini, olsa, ciwon ƙoda ko juna biyu, a fara sanar da likita. In bahaya ya yi baƙi kamar kwalta, dakata da shan maganin, ka nufi asibiti.

Goggo ta ci alala, ta sha ruwa da ƙwayarta ɗaya, ta jira mu a inuwa.