Abin da Mai Mota a Bici Ke Saye da Naira 15,000

A Ingila, adireshin mutum na cikin abubuwan farko da kamfanin inshora ke tambaya. Mazaunin tsakiyar Landan yakan biya fiye da takwaransa na ƙauye ko da motarsu iri ɗaya ce, domin inda motoci suka cunkushe nan karo da sata suka fi yawa. A Amurka abin ya yi tsanani har jihar Kalifoniya ta yi doka a 1988, ta sa tarihin tuƙin direba, da nisan da yake ci a shekara, da daɗewarsa a kan sitiyari, gaba da unguwar da yake kwana.

Nijeriya ba ta tambayar unguwa. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, farashinta ɗaya ne daga Legas har Bici. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3.

A ido wannan adalci ne. Amma a ɗauki malamin makaranta a Bici, wanda motarsa ke wuni a inuwar darbejiya, ba ta fita sai kasuwar Badume ko zumunci a Kano. Kuɗinsa da na mai kutsawa cunkoson Legas kullum tukunya ɗaya suke shiga, kuma sanin kowa ne wa ya fi ɗiba. Hanyar Kano zuwa Katsina tana da nata haɗarin, mai muni ma, na gudu da manyan motoci. Sai dai ƙananan goge-gogen yau da gobe, da yawan kai su gaban kamfani, al'adar birni ce.

Ranar da tsautsayi ya faɗa, ranar ake ganin bambancin. Rassan kamfanoni suna birni, hedikwatar yawancinsu tana Legas. Neman diyya yana son rahoton 'yan sanda, da hotuna, da kimar bakanike, da zirga-zirgar da ke cin mai da ranakun aiki. A ƙauyukan Bici kuwa, idan mota ta ture babur ko ta take akuya, kafin a kai ga wannan an zauna gaban mai unguwa, dattawa sun sa baki, an ce ƙaddara ce. Malamin ya biya magani da gyara daga aljihunsa, don da mutanen nan zai yi sallar Juma'a. Takardar tana cikin mota, ba wanda ya tuna da ita.

Shi ya sa da yawa suka ɗauke ta a matsayin abin nuna wa ɗan sanda kawai, kuma a nan masu takardar bogi suke cin kasuwarsu, musamman tun da 'yan sanda suka tsananta bincike daga 1 ga Fabrairun 2025. Tantancewa ba wuya: a latsa *565*11# a waya, a sa lambar mota.

Akwai kuma takaful, wanda malamai suka fi natsuwa da shi, kamar na kamfanonin Noor da Jaiz. A tsarinsa, idan asusu ya yi rara bayan an biya diyya, ana raba wani kaso ga waɗanda ba su nemi komai ba a shekarar, kuma malamin Bici kusan kullum yana cikinsu.