A Geceme, mu duƙa mu duba ƙarƙashin rumbu

Ƴan uwa manoma da makiyaya, Geceme tana cikin Dallol Mawri, kudu da Dogon Dutsi, cikin jahar Doso. Da can Dogon Dutsi take bi. A shekarar 2011 anka maida ta gundumar Tibiri. Ƙasar rairayi ce, ruwa kusa yake. Rijiyar kwari ba ta zurfi kamar ta tudu, masu lambu suna jin daɗi. Amma damshin nan da lambu ke so, itace ba ya son shi.

In ka shiga tsofaffin gidajen garin, ɗakin kwana a ƙasa yake zaune. Abin da ke bisa itace shi ne rumbu da ruhewa. Duwatsu a ƙasa, manyan itatuwa a gicciye bisansu, ƙanana a jere, sannan gindin rumbu. Hatsin shekara duka nan ya dogara. Mai gida yana gyara jinka kowace bazara, don ita ido ke gani. Ƙarƙashi kuwa sai kaji ke shiga.

Ga yadda ɓarnar ke zuwa. Da damina rairayi na cika da ruwa, dutsi ya nutse kaɗan kaɗan, har itace ya taɓa ƙasa. Daga nan gara ta samu hanya. Tana cin ciki ta bar baya lafiya lau. Ruwa mai yawa na 2020 da na 2024 ya kada gidaje da rumbuna wurare da dama cikin Nijar. Rumbun da gara ta riga ta ci gindinsa ba ya jimre irin wannan ruwa.

A wani tsohon gida na ga yadda ake gyaran, kuma ya dace a koya. Dattijon gidan ya soki kowane itace da wuƙa. Inda wuƙa ta shige, ya ce wannan ya mutu. Sai anka kwashe sauran damman da ke ciki. Maƙwabta sunka kawo itatuwa masu gwafa, anka tokare rumbun ta gefen da ya karkata. Itace ɗaya ake zarewa, a zura sabo, sannan a taɓa na biyu. Mai gaggawar zare biyu tare, rumbu kansa zai zauna. Yara kuma a kore su nesa.

Dutsin da ya nutse an tone shi, an daɓe ramin, an zuba toka, an aza mai faɗi. Cikin kwari dutsi wuya gare shi, sai amalanke ya ɗauko daga bakin tudu. Bakin sabon itacen an babbaka shi da wuta. Wasu baƙin man mota suke shafawa, amma kada ya kusanci hatsi.

Zancen itace shi ne mai wuya. Gawo ba shi da ƙarfi, gara na son shi, kuma gona ta fi bukatarsa a tsaye. Kirya ita ce gwana, sai dai ta yi ƙaranci. Azarar giginya tana daɗewa ƙwarai, giginyar kuwa ta fi yawa can kudu wajen Gaya, kuma ba a sara sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Wanda bai samu ba ya sa dogon yaro wanda ya ƙosa ya bushe, ya riƙa soka mishi wuƙa kowace bazara, lokacin da rumbu ya yi sauƙi, tun ruwan fari bai sauka ba.